Yatsu Bakwai

A ce haka ta faru.
A ce a wata Maraɗi da ba ta shiga littafin kowa ba,
baƙin da suka zo da tuta da igiyar awo
sun sha furarmu, sun kwana biyu, sun juya.
Muka wayi gari mu ma ƙasa ce, 'yar mitsitsiya,
mai doki kan ratsa ta guzurinsa bai ƙare ba,
ƙwarya ɗaya tsakanin manyan tukwane.

Dattawa suka zauna gindin gawo,
suka ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa.
Aka tara maƙera daga Jiratawa har Tibiri,
aka ce wa Nomau Gurgu, gwanin galma,
daga yau ya manta galma.

Shekara ukun farko, bututu tsagewa yake kamar rake.
Gyaɗar kaka biyu aka sayar, aka sayo injin rarake guda,
raƙuma goma sha huɗu suka kawo shi gunduwa-gunduwa,
babu wanda ya san kai, babu wanda ya san gindi.
Nomau ya kwana arba'in yana zagaya shi
kamar mai taya saniya,
ran na arba'in da ɗaya ya ce a miƙo masa guduma.
Mata suka kankare gishirin gindin katanga, inda awaki ke fitsari,
suka daka shi da ƙibiritu da gawayin tumfafiya.
Turmin Ta-Allah ya tashi da ita wata Laraba,
taɓaryar aka tsinta a gonar maƙwabta.

Ni Arzika, aikina gwaji.
Kowace bindiga, kafin a buga mata hatimi,
ni ke fara jin muryarta a kwarin Gulbi, bayan lambuna.
In ta yi tari, ta koma wuta.
In ta faɗi gaskiya, a ba soja.
Uku sun yi mini ƙarya:
babban yatsa, manuni, da ɗan autan hagu.
Da bakwai nake alwala, da bakwai nake yankan loma.

Sai aka kafa Zirnaƙo. Mutum ɗari uku, ba a ƙara ko ɗaya.
Ba a tambayar gidan da ka fito.
Ka tsaya a tafkin Madarunfa, ruwa iya wuya,
daga magariba har ladan ya yi kiran farko,
ka fito kana rawar ɗari, ka warware bindiga, ka mayar, ido a ɗaure,
sannan wani tsoho ya zagi ubanka.
Wanda ya yi fushi ya faɗi.
Ɗana Barmo ya ci.
Uwarsa ta rangaɗa guɗa a zaure,
ta shige madafa ta ce hayaƙi ne.
Bindigarsa sau tara na gwada, ta 'ya'yan mutane sau ɗaya.
Allah ya yafe mini wannan.

Yaƙin bai zo ba.
Shekara ashirin muna kasa kunne.
Wasu suka ce tsoron Zirnaƙo ne,
wasu suka ce me gare mu da za a ƙwata?
Amma zuga-zugi bai san hutu ba,
rumbu ya cika da bututu, gero ya rasa wurin kwana.
Ma'aji ya ce a sayar.
Fatake suka zo, ba mu tambayi inda suka nufa ba.
Galma kuwa yanzu daga waje muke sayo ta, da tsada.

Bara, a dajin bakin iyaka,
ɓarayin shanu suka yi wa su Barmo kwanto.
Aka kawo mini abin da aka tsinta kusa da shi,
wai in duba ƙirar wace ƙasa ce.
Ban nemi fitila ba.
Na shafa gindin bututun da abin da ya rage mini:
ga hatimin, ga 'yar tsagar da nake yi da ƙusa
in na gamsu.
Ba ta tsage ba. Ba ta yi tari ba.
Aiki ne mai kyau.

Gobe guda sittin ke jirana a kwari.